Najaha Mai Lalle Ta Koyi Ɗaukar Hoto

Najaha maƙwabciyata ce a Matamaye, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Ni malamar lakwal ce, ina koyar da 'yan aji uku, ita kuwa sana'arta lalle. Ta fi shekara goma tana zana hannuwa da ƙafafun amare, har ta kai idan biki ya taso a unguwarmu ba a tambayar wa zai yi wa amarya lalle, sai dai a tambaya ko an sanar da Najaha da wuri. Tare muka shiga lakwal muna yara, amma ita a aji huɗu ta tsaya, shekarar da mahaifiyarta ta kwanta ciwo aka rasa mai riƙe gida. Faransancin da ta koya duk ya zube, in ban da gaisuwa da lambobi. Mijinta Iliyasu makanikin moto ne, wato babur, a bakin tasha, mutum mai sauƙin kai wanda ba ya son yawan magana.

Kyamarar ba nemanta ta yi ba. Ƙaninta Sani ne ya yi shekara uku yana aikin gini a Aljeriya, da zai dawo wani da ya yi wa aiki ya ba shi tsohuwar kyamara baƙa mai dogon hanci, da jakarta, da ɗan littafinta na Faransanci. Ya yi ta yawo da ita yana neman mai saye, duk wanda ya karɓa ya jujjuya sai ya mayar masa, ya ce ai salularsa ma tana ɗaukar hoto. Da ya tashi komawa sai ya ajiye ta a ɗakin yayarsa, ya ce in ta ga dama ta riƙa wasa da ita.

Najaha ba wasa ta hango ba. Akwai abin da ya daɗe yana ci mata rai. Takan zauna tun hantsi har la'asar a duƙe tana zane, bayanta ya riƙe, idonta ya yi ja, bayan mako biyu kuma lallen ya goge kamar ba a yi ba. Hotunan da ƙawayen amarya ke ɗauka da salula ba sa nuna komai, hannu sai ka ce an tsoma shi a tukunyar baba. Masu hoto maza kuma iyakarsu ƙofar gida, ba sa shiga ɗakin da amarya take a lulluɓe tsakanin gwaggonninta. Ta ce da ni ita dai tana cikin ɗakin nan ko ta so ko ta ƙi, me zai hana ta fito da abin da idonta yake gani.

Ta kawo mini kyamarar da littafin. Na karanta mata abin da na iya. Kalmomin na san su, amma ma'anarsu a wannan sana'a ban sani ba, don haka muka tsaya a shafin farko, inda aka ce a murɗa ɗan maɓallin sama zuwa koriyar alama, kyamara za ta yi wa mutum komai. Ta ɗauki awakinta a tsakar gida da rana tsaka, ta ɗauki tukwane, ta ɗauke ni ina shara. A ɗan madubin bayan kyamara komai ya fito tas. Muka ce ashe abin ba wuya.

Ba a yi wata guda ba bikin A'ishatu ya zo. A'ishatu ma'aikaciyar gidan likita ce, 'yar wata Hajiya da ke bayan layinmu, za ta auri wani ɗan Damagaram. Najaha ce mai lalle kamar kullum, kuma da bakinta ta ce wa Hajiya kada ta wahalar da kanta neman mai hoto don wunin mata, ita za ta ɗauka. Hajiya ta yi murna, ta yarda.

Ranar wuni amarya ta sa farin leshi, aka zaunar da ita a kujera a tsakiyar ɗaki, ƙofa tana bayanta. Najaha ta yi ta ɗauka, ta shiga nan ta fita can, ƙawaye suna rawa tana bin su, wani lokaci fitilar kyamara ta ɗago da kanta ta haska. Hayaniya ba ta bar ta ta tsaya duba abin da take ɗauka ba, in ma ta leƙa, madubin ƙarami ne.

Bayan kwana biyu muka je shagon da ake wanke hoto, ni da ita da Hajiya. Mai shagon ya zare ɗan katin da hotuna ke taruwa a ciki, ya sa a na'urarsa, suka fito a babban allo. Na farko ƙofa ce fara fat, a gabanta wani baƙin abu mai siffar mutum, shi ne amarya. Na biyu haka, na goma haka. Masu rawa sun zama kamar hayaƙi, ba fuska ba hannu. Inda fitila ta haska, goshin mata yana ƙyalli kamar an shafa musu man gyaɗa, bayansu kuma duhu. A wani hoton an yanke wa uwar ango rabin ɗankwali, a wani kuma fanka ta tsiro daga kan amarya. Mai shagon ya yi ta wucewa da su ɗaya bayan ɗaya. Cikin hotuna wajen ɗari uku ba a sami biyar da za a iya ba amarya ba.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta gyara mayafinta ta miƙe, ta ce, "Najaha, lallenki ya yi kyau, kowa ya yaba. Ki tsaya a kansa, 'yata."

Da faɗa ta yi da ya fi sauƙi. Biki ba a maimaita shi, A'ishatu ta tare a Damagaram da hotunan salular ƙawayenta kawai. Labari ya zaga unguwa, mata suka sa wa Najaha suna Mai Hoton Duhu. Har a gidan suna wata ta ce mata ta zo ta ɗauke ta amma ta bari sai an kawo kuran, wato wutar lantarki.

Kwana shida ban ji motsinta a kan maganar ba. Na ɗauka ta jefa kyamarar ƙarƙashin gado ke nan. Ran na bakwai ta leƙo ta katanga ta ce in zo. Na tarar ta sa mai shagon ya wanke mata goma daga cikin mafi muni, ta jera su a tabarma tana kallo. Ta ce ba za ta bar abin nan ba sai ta san dalilin da ya sa fuskar A'ishatu ta yi baƙi, alhali da idonta ta ga fuskar sarai a ɗakin. Ta ce ko ba za ta ƙara ɗaukar kowa ba, wannan dalilin sai ta san shi.

Iliyasu ne ya tuna da Baba Zainu. Sunansa Zainulabidin, shi ne ya yi shagon hoto kusa da kasuwa tun zamanin da ake sa fim a kyamara, kusan duk wanda ya girma a garin nan ya taɓa tsayawa a gaban labulensa. Shago ya rufe da daɗewa, ciwon yana ya rufe masa ido, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Yakan wuni a zauren gidansa da rediyo da carbi. Iliyasu ya ɗauki matarsa a moto ya kai ta da kansa, ya gaisa da tsohon, ya faɗi abin da ya kawo su, ya koma bakin aikinsa. Daga ranar ni nake raka ta, Laraba da Asabar da yamma.

Da farko Baba Zainu ya ƙi. Ya ce shi bai san waɗannan na zamani da ba a sa musu fim ba, kuma wanda ba ya gani ina zai koya wa wani ɗaukar hoto. Najaha ta ce masa ido tana da shi, karatun littafi ga Madam nan, wato ni, abin da suka rasa yana cikin kansa. Ya yi dariya ya miƙo hannu. Ya shafa kyamarar tun daga hanci har baya kamar mai taya akuya, ya auna nauyinta, ya kai yatsa kan maɓallin sama. Ya tambaya ko a cikin alamomin akwai harafin M. Na ce akwai.

"To murɗa ta can," in ji shi. "Koriyar nan da kika dogara da ita, ita ta yi miki tunani a gidan biki, kin ga inda ta kai ki. Daga yau ke za ki yi tunani, ita ta bi."

Ya ce duk sana'ar a kan haske take, kuma abu uku ne ke sarrafa shi. Na farko ya kira shi baki, wato ramin da ke cikin hancin kyamara, wanda ake buɗewa ko a tsuke. Na biyu ƙyafta, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido kafin ta rufe. Na uku ya ce a zamaninsu tare da fim ake sayen shi, yanzu an mai da shi lamba, a littafin an rubuta ISO, shi kuwa yaji yake ce masa: in wuri ya yi duhu ka ƙara shi hoto ya yi haske, in ka cika shi hoto ya yi tsaki-tsaki ya lalace. Ya hana ta taɓa biyun ƙarshe. Ya ce ta tafi ta yi mako biyu da baki kaɗai.

Nan ta fara shan wuya. Lambobin baki a juye suke: ƙaramar lamba ita ce babban rami, babbar lamba ƙaramin rami. Najaha ta yi ta ruɗewa, ta so ƙara haske sai ta rage, ta zo wurina a fusace tana cewa wanda ya ƙirƙiro wannan abu da gangan ya yi don ya wahalar da mutane. Da ta ga abin ya ƙi zama, sai ta kwaɓa lalle ta zana a tafin hannunta na hagu. Ta yi babban da'ira ta rubuta huɗu a gefensa, ta yi matsakaici da takwas, ta yi ɗan mitsitsi da sha shida. Duk inda take, tana tuƙa tuwo ko tana wanki, in ta buɗe hannu sai ta gani. Kafin lallen ya goge lambobin sun zauna mata.

Ta jera tuluna uku a tsakar gida, ɗaya kusa, ɗaya tsakiya, ɗaya can jikin katanga. In ta buɗe baki sosai sai na kusa ya fito raɗau, sauran su narke. In ta tsuke sai ukun su fito. Ranar da ta fara ganin haka da idonta ta kira ni har sau biyu ta katanga, na bar girki na je. Ta ce ashe ita ke zaɓar abin da mai kallo zai kalla.

Sai aka zo kan ƙyafta. Baba Zainu ya ce masu rawar nan da suka zama hayaƙi, kyamara ce ta daɗe ido buɗe, su kuwa ba su tsaya jiranta ba. Ya aike ta wurin masu daka. Ta yi kwanaki a gidan wata maƙwabciyarmu mai fura, tana durƙushe gefen turmi, tana ƙara saurin ƙyafta kaɗan-kaɗan har ta kama taɓarya a sama, ta rabu da hannu, mai daka tana tafi. Ta je rijiya ta tsayar da ruwa yana zuba daga guga, ɗigo-ɗigo kamar duwatsun ado. Amma duk lokacin da ta ƙara sauri sai hoto ya yi duhu, dole ta koma ta buɗe baki, in bai isa ba ta ƙara yaji. Ta ce da Baba abubuwan nan uku ba sa zama lafiya, in ka taɓa ɗaya sai ka lallashi biyun. Ya ce to yanzu ta fara ganewa.

Sai a wata na biyu ya ba ta amsar da ta zo nema. Ya sa ta kwatanta masa ɗakin bikin: ina ƙofa, ina kujera, me amarya ta sa. Da ta gama ya ce kyamara ta ga farin leshi da hasken ƙofa ne ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta tsuke komai, fuska ta tafi a ciki. Ya ce fatarmu da fararen kaya su ne jarrabawar kowane mai hoto a ƙasar nan, shi ma ya ɓata fim mai yawa a kansu. Maganin shi ne a auna haske a kan fuska, ba a kan tufa ba, kuma a juyar da mutum ya fuskanci ƙofa ko ya ba ta gefe, kada ya ba ta baya.

Ni na zama amaryar gwaji. Na sa farin leshina na salla na zauna a zauren Baba Zainu yammaci bayan yammaci, Najaha tana juya ni kamar waina, shi yana daga kan buzunsa yana tambaya ta wane gefe nake jin ɗumin rana. Ya sa aka ɗauko babban farantin silba daga cikin gida aka jingina shi a gefen da ke duhu, hasken ƙofa ya bugi farantin ya dawo kan kumatuna. Hoton da ya fito ranar, leshin yana nan da zanensa, fuskata kuma tana nan da kalarta. Najaha ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi murna yadda na zata ba. Ta ce kujera kawai za ta juya ranar bikin A'ishatu, da an wuce wurin.

Saura tsarin hoto, abin da za a sa a ciki da abin da za a bari a waje. Tun da Baba ba ya gani, sai ya mai da ita idonsa. Duk hoton da ta kawo sai ta faɗa masa abin da ke ciki, shi kuma ya yi ta tambaya. Me ke bayan kanta? Me ke kusurwar hagu ta sama? A ina ƙafarta ta ƙare? Katangar a miƙe take ko ta karkace? Sau da yawa sai ya tambaya sannan Najaha ta ga bokiti, ko igiyar shanya ta ratsa wuyan mutum, ko takalmin wani a gefe. Ya kafa mata doka: kafin ta danna, ta zaga kusurwa huɗu da ido. In abu ya tsiro a kan mutum, ba mutumin zai matsa ba, ita za ta matsa. Na gano a littafin yadda ake fito da layuka a madubi su raba shi gida tara, Baba ya ce ta daina dasa mutum a tsakiya kullum, ta ɗora shi a kan layi ɗaya, ta bar masa fili ta inda yake kallo. Wannan bai ba ta wuya ba. Ta ce a lalle ma wanda ya cika hannu da zane bai iya ba, wurin da aka bari fari shi ke fito da furen.

Haka ta yi tun farkon bazara har aka yi girbi. Ba wanda ya kira ta ɗaukar hoto. Ta ci gaba da lallenta, in ta gama sai ta roƙi amarya ta bar ta ta ɗauki hannuwan kawai, a bakin taga. Wasu su yarda, wasu su ce a'a, sun ji labari. Waɗanda suka yarda ta tura musu a salula, su kuma suka tura wa wasu. Ta haka hoton hannun wata amarya ya kai Dungu.

A Dungu akwai ƙungiyar mata masu noman lambu, suna yin kabeji da albasa da rake a fadama. Suna son hoton kowace mace don takardun ƙungiya, da wasu na aikinsu, kuma sun fi son mace ta ɗauka. Shugabarsu ta aiko a tambayi Najaha. Ta kwana biyu tana juya maganar, tsoron abin da ya faru bai sake ta ba, sannan ta ce za ta je. Ranar ba lakwal, na bi ta.

Ta sa aka ɗaura shuɗin zane a inuwar wani ɗaki, ta zaunar da su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ɗauka sai ta duba, ta faɗaɗa hoton ta ga ido ya fito, sannan ta nuna wa mai shi. Mata ashirin da biyar suka wuce lafiya. Ta ashirin da shida ta ƙi zuwa. Ita ce Iya Takawa, tsohuwar da ta fara tara matan, doguwa, ta haura saba'in. Tana zaune can gefe tana ɓare gyaɗa, ta ce a rubuta sunanta ba hoto, in ba zai yiwu ba a cire ta.

Shugabar ce ta ja mu gefe ta faɗa mana dalili. Wata shekarar yunwa, yau kusan shekara ashirin, wasu baƙi suka zo garin da mota. Suka tarar da Iya ta dawo daga unguwa da mayafinta mai kyau. Suka ce ta cire shi, suka zaunar da ita a ƙasa, suka ba ta ƙwarya ba komai a ciki, mai hoton ya tsaya a kanta ya ɗauka. Ta yarda don an ce taimako za a kawo wa gari. Bayan wani lokaci ɗanta ya ga hoton an buga shi babba a bangon wani ofishi a Damagaram, mutanen Dungu masu zuwa birni su ma suka gani. Matar da ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba, ita ce aka sani da ƙwaryar bara. Tun daga nan ko salula aka ɗaga sai ta juya baya.

Najaha ba ta roƙe ta ba. Ta mayar da kyamara jaka, ta je ta durƙusa ta yi mata sallama, muka dawo. A mota, da muka kusa gari, ta ce wancan mai hoton ya san aikinsa sarai, ya san abin da tsayawa a kan mutum yake yi masa, da saninsa ya yi.

Mako na gaba da ta kai hotunan sauran matan, ta tafi da ƙullin lalle, ta bar kyamara a gida. Ta sami Iya ta ce ta ga ƙafarta ta yi kaushi, ta zo ta sa mata lalle. Tsohuwa ta dube ta da kyau, ta san abin da ake ciki, amma ta miƙe ƙafa. Suka wuni suna hira a kan irin rake, da ciwon gwiwa, da yadda ruwan fadama yake ja da baya. Ba a ambaci hoto ba. Ta sake komawa bayan kwana goma, nan ma haka. A zuwa na uku, da za ta tashi, ta ce:

"Iya, in da a ce ke za ki zaɓa, a ina kike so jikokinki su gan ki?"

Iya Takawa ta dube ta. Can ta ce, "A cikin rakena. A tsaye. Da mayafina."

Ta kafa sharaɗi: ita za ta fara gani, in bai yi mata ba a goge shi a gabanta, kuma ba bangon da za a liƙa shi sai na ɗakinta. Najaha ta ce ta yarda.

Ranar Lahadi muka yi sammako, rana ba ta yi tsawo ba muka isa fadama. Iya ta riga mu, ta sa zane mai ruwan ƙasa da farin mayafi, da adda a hannu. Farin mayafi da baƙar fuska, ga rana tana fitowa, na dubi Najaha. Ta zagaya tsohuwar sau ɗaya ba ta ɗaga kyamara ba. Ta roƙe ta ta ɗan juya, rana ta koma gefenta. Ta miƙa mini farantin silba ta nuna mini inda zan tsaya. Akwai gawo a baya wanda reshensa zai fito daidai kan Iya, Najaha ta matsa taku biyu hagu ya koma gefe. Iska tana kaɗa ganyen rake da bakin mayafi, ta ƙara saurin ƙyafta, ta buɗe baki, ta auna a kan fuska. Sannan ta tattara zanenta ta durƙusa cikin laka, gwiwa biyu, har kyamarar ta koma ƙasa da ƙirjin tsohuwar.

Sau huɗu ta danna, ta tashi ta kai mata. Iya ta kare madubin da tafin hannu. Na farko ta ce bakinta a buɗe yake, a goge. Aka goge tana kallo. Na biyu ma ta ce a goge, ba ta faɗi dalili ba. Na uku ta riƙe kyamarar da hannu biyu ta matso da ita kusa da ido. A hoton tana tsaye a gefen dama, rake ya narke kore a bayanta, adda a saɓe, kowane layi na fuskarta ya fito, tana kallon can inda gonar ta ƙare.

"Ashe haka nake da tsawo," in ji ta.

Ta ce a bar wannan. Ta yarda kuma a yanko fuskar a yi ƙarami don takardar ƙungiya. Da muka koma Najaha ta kwatanta wa Baba Zainu hoton tun daga kusurwa har kusurwa, ya yi tambayoyinsa duka, na ƙarshe ya tambaya ko addar ta fito gaba ɗaya. Ta ce bakinta ya ɗan taɓa gefen hoto. Ya ce to gobe ta kula.

Daga Dungu aiki ya fara zuwa. Matan Yauri suka kira ta, aka kira ta suna a Tsauni, a cikin gari ma wasu suka fara cewa in ta zo lalle ta taho da kyamara. Ba kowa ba. Akwai gidajen da har yanzu lalle kawai suke kiranta, kuma ba ta ganin laifinsu. Yanzu in ta shiga ɗakin amarya, kafin ta kwance ƙullin lalle sai ta dubi inda ƙofa take, ta sa a gyara kujera.

Kwanan baya wasu 'yan mata biyu suka zo suka ce ta koya musu. Ta ce su ba ta zuwa bayan damina, don akwai abin da bai zauna mata ba tukuna. Wani mai kiwo ya nemi ta ɗauke shi da bijiminsa a kasuwar dabbobi, wurin da ba inuwa ba taga, rana a tsakar ka, malafa ta rufe masa ido. Ta ɗauka bai yi mata ba, ko da yake shi ya ce ya yi. Ta ce masa ya dawo da bijimin kasuwa mai zuwa in bai sayar ba. Ya sayar, amma ita ta koma. Kasuwa uku ke nan tana zuwa da azahar, tana tsayawa gefen masu shanu da kyamara a wuya, tana gwada lambobi.